Direban da Ya Zargi Mai Ƙanƙara

Kafin ka ɗora wa mutum laifi don abu ya sake maka kama, saurari abin da ya sami wani direban babbar mota. A wata tafiya da ya yi Ikko ya sayo wata 'yar dabbar ruwa da ake kira aksolotil, mai siffar ƙadangare, da jajayen geza a gefen kai da take numfashi da su. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, amma ba ta zama wuri ɗaya. Ta yi sama ta yi ƙasa a akwatin gilashinta, da an jefa tsutsa ta cafke. Da aiki ya kai shi ƙetare, sai ya bar ta a hannun maƙwabcinsa mai sayar da ƙanƙara, domin dabbar ba ta son zafi, shi kuwa ɗakinsa da sanyi. Sai da shekara ta kusa zagayowa ya dawo. Ya tarar da ita ta kai taƙi guda, kwance a ƙasan ruwa kamar dutse. Ya ƙwanƙwasa gilashi, ko gezau. Maƙwabcin ya ce lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, girma ne kawai ya zo mata, kuma da magariba takan ɗan zagaya. Direba ya yi godiya a baki, amma zuciyarsa ta ce masa an sayar da tasa mai kuzari, an sa masa wata gajiyayya. Daga nan komai ya zama hujja. In maƙwabcin ya gaishe shi da fara'a, ya ce borin kunya ne. In ya wuce da sauri, ya ce gudun haɗa ido yake yi. Har a majalisa ya riƙa sakin magana cewa amana ta yi ƙaranci a unguwa, yana duban shagon ƙanƙara.

Sai ya ƙudura zai farfaɗo da ita da kansa. Ya fito da akwatin tsakar gida inda rana ke duka, yana tsokanarta da tsinken tsintsiya. Ta riƙa zabura tana karo da gilashi, shi kuwa yana murna wai kuzari ya dawo. Ba a jima ba gezar ta yamushe, ta ƙi cin tsutsa, wata safiya ya tarar da ita a rigingine a saman ruwa, ta mutu. Ya ce ai dama da cutarta aka ba shi. Da lodi ya sake kai shi Ikko, ya koma shagon da ya sayo ta don ya sami wata. Can ya ga ƙanana suna ta wutsil-wutsil, manya kuwa duk suna kwance a inuwa, ba mai motsi. Ya tambaya ko ciwo ya kama su. Mai shagon ya ce, "Haka suke. Ƙuruciya ce ke sa su tsalle-tsalle. In sun girma sai kwanciya, babu abin da ke kashe su kamar zafi da tsokana." Direba ya fita bai sayi wata ba. Da ya dawo gida ya je neman gafara. Mai ƙanƙara ya ce ya yafe, amma daga ranar sallama kawai ke haɗa su.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani ya fi dare duhu.