Motar Kumandan a Hanyar Mirriya

"An sallama maka," in ji tafinta, a gaban barikin Damagaram.

Tsohuwar motar kumandan ce Nasara suka sa a gwanjo, injinta ya mutu. Attajirai suka ja da baya. Wani maƙerin Mirriya kaɗai ya taya, don ƙarfen ƙera hauya yake nema.

Aka ɗaura mata shanu biyu, shi kuma ya shiga don ya riƙa juya mata kai, aka kama hanyar Mirriya. Da hannunsa ya fasa duwatsun hanyar nan lokacin aikin tilas. Ya sha durƙusa wa motar nan, bai taɓa leƙa cikinta ba.

Manoma na hango ta suka yar da hauyoyi, suka tuɓe huluna, suka zube. Har da mahaifinsa, goshi a rairayi.

"Baba, ni ne fa! Tashi!"

Taga a rufe take, tsoho bai ji ba.

Maƙerin ya daɗe yana kallonsu.

"Allahu akbar! Ashe haka muke ƙanana daga nan ciki."