Waifai Sai a Ɗakin Baba

Koren layin nan mai nuna tafiyar fayil ya sake cijewa a tsakiyar allon kwamfuta, ba gaba ba baya. Auta ya ja dogon tsaki, ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle.

Sana'arsa ɗaukar bidiyo da tacewa. Duk abin da ya ɗauko yakan tura shi ta waifai zuwa akwatin ajiya, wata baƙar na'ura da ke riƙe masa aikin mutane, daga can kuma yake janyowa in zai tace. A da, kafin shayinsa ya huce an gama. Yanzu kuwa fayil ɗaya sai ya cinye masa wuni. Ga shugabar makarantar da ya ɗaukar wa bikin yaye ɗalibai ta kira da safe, ta ce in mako ya fita ba ta ga bidiyonta ba, to shi da makarantar sun raba gari. Makarantar nan kuwa ita ke riƙe da tukunyar gidan.

Babu abin da bai gwada ba. Ya kashe rauta, na'urar da ke watsa waifai a gidan, ya kunna har maɓallin ya fara laushi. Ya canza lambar sirri, don yana zargin maƙwabcinsa tela da shan waifai a ɓagas, suka yi ta gaisuwa ciki-ciki a banza. Ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya ya cire su daga layi.

"Saura firji," in ji matarsa. "Ka duba, ƙila shi ma fim yake kallo."

Bai yi dariya ba. Ransa a ɓace yake, kuma tsoro ya fara shigarsa.

Abokinsa mai gyaran kwamfuta ya zo ya zagaye gidan yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana. Ya ce ƙarfe ne babban maƙiyin waifai, ko akwai ƙofar ƙarfe a tsakani? Babu, duk katako ne. Ya duba rautar, ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta cika zafi, a riƙa barinta tana shan iska. Ya sha lemonsa ya kama gabansa, matsala na nan inda take.

Wuri ɗaya ne kawai abin ke tafiya: ɗakin Baba. Ta can wayar intanet ta shigo gidan, don haka rauta da akwatin ajiya suna kan ɗan teburin da ke gefen gadonsa. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon, duniyarsa ta dawo gadon nan, da taga, da tsofaffin rediyoyin da suka rage masa daga shagonsa na gyara. Sai kuma wani babban kwanon silba da kullum yake ajiye a wofi kusa da matashinsa. Surukarsa ta taɓa ɗauka za ta mayar kicin, ya ce, "Bar mini abina, 'yata, yana mini aiki." Aka ce rigimar tsufa ce, aka ƙyale shi.

In abin ya ishi Auta, sai ya rungumi kwamfutarsa ya nufi can, silifas ɗinsa na fat-fat a baranda, irin takun da matarsa ke cewa ko kurma ya san ya taho. Yana zama a kujerar gefen gado, koren layi ya zura a guje.

"Auta, ta sake ƙi ne?"

"Ta ƙi, Baba. Wallahi abin nan zai zautar da ni."

"Yi haƙuri. Abin da ke bin iska ba ya son gaggawa. Zauna."

Daga nan Baba zai ɗauko labari: rediyon da aka kawo masa ɓera ya haihu a ciki, ranar da ya fara ganin mahaifiyarsu ta zo sayen batir. Auta na "uhm, uhm," idonsa a allo. Ana gamawa ya miƙe, don babban allon tacewa da lasifika suna ɗakinsa. Yana komawa can, kafin ya gyara zama, layi ya sake cijewa. Haka ya yi ta safa da marwa, aiki kuwa bai motsa ba.

Da shugabar makaranta ta sake kira, muryarta ba ko gaisuwa, sai ya ce ya isa haka. Ya fita ya sayo doguwar kebul, wadda za ta taso daga ɗakinsa har cikin rauta. Waifai ta je ta ji da kanta. Daga yau babu sauran jigilar kwamfuta, babu zaman jiran tsammani a ɗakin kowa.

Yana cikin jan kebul a baranda, igiyar silifas ɗinsa ta tsinke. Ya yi wurgi da su cikin haushi, ya ci gaba da ja ƙafa ba takalmi, bakin kebul a hannunsa. Ƙofar Baba a ɗan buɗe take. Ya ɗaga kai zai yi sallama, sai idonsa ya faɗa cikin ɗakin.

Baba na zaune a bakin gado, ya riga ya janyo kujera kusa da shi, ya karkata kunne wajen ƙofa yana jiran ƙarar silifas, hannunsa a kan kwanon silban da ya kife a kan rauta.