Umarnin Beguwa

Dewald Oosthuizen yana kwance a ƙarƙashin tarakta, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji, lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Hoto ne aka saka a zaurensu na intanet: tsohon manomi Sarel Labuschagne, wanda ake kira Oom, wato kawu, a ƙasan kicin ɗin gidan gonarsa, harsashi ya fasa masa wuya, jinin bai ko daskare ba. Sai da yamma rediyo ta ba da labarin.

Zauren ba shi da shugaba, ba shi da ofis, kuma babu wanda ya san sunan wani. Fararen fata ne daga garuruwa daban-daban, wasu ma daga ƙetare, kowa da laƙabinsa. Maganarsu kullum ɗaya ce: baƙaƙe na shirin ƙarar da su, wanda bai tashi ba a gadonsa za a yanka shi. Dewald ya shiga ne bayan matarsa ta kwashe yara ta koma Bloemfontein. Nan ne kaɗai ake ce masa ɗan'uwa.

Wanda ya saka hoton yana kiran kansa Beguwa. Ba ya yawan magana, amma in ya yi, ana saurara.

Dewald ya san Oom Sarel tun yana yaro, shi yake gyara masa injina. A wurin jana'iza mutane suna ta raɗa cewa marigayin ya kira lauya kwanan nan don ya yanka wa ma'aikatansa rabin gonar, ga abin da suka saka masa da shi. Ba a ɗauki komai a gidan ba, har bindigoginsa suna kulle, sai aka ce wannan ma ya nuna tsabar ƙiyayya ce. Ɗansa tilo, Wikus, ya yi ta kuka. Dewald ne ya riƙe shi zuwa mota.

Ranar Alhamis Beguwa ya saka suna da hoto. Motlatsi Ramakatsa, makiyayin shanun gonar, wanda ya ɓace tun ranar kisan. Ya rubuta cewa gobe da safe zai bi tsohuwar hanyar rumbun masara zuwa gari, a ƙafa, shi kaɗai. Ya tambaya ko akwai namiji a kusa, ko duk masu danna waya ne.

Dewald ya amsa da kalma ɗaya.

Washegari rana ta ɗan ɗaga lokacin da Dewald ya hango Motlatsi daga cikin motarsa akori-kura. Dattijo ne siriri, sanye da kwat ɗin zuwa coci da takalmi goge, yana tafiya yana waiwaye. Dewald ya taka totur. Akori-kurar ta ɗauki dattijon ta ƙugu ta wurga shi cikin wayar shinge, ƙayoyin suka riƙe kwat ɗin, ya rataye a karkace.

Dewald ya sauko da ƙarfen kwance taya. Ƙafar Motlatsi ɗaya ta juya baya, ƙashi ya huda wando. Da dattijon ya ga fuskar Dewald, sai ya gane shi.

"Baas Dewald, maigida," in ji Motlatsi, jini na bin haɓarsa. "Don Allah kai ni gari. Wurin 'yan sanda zan je. Na ga abin da ya faru."

"Ka gani mana, kare. Ai kai ka yi."

Motlatsi ya ɗaga hannu zai ƙara magana, ƙarfen ya karya hannun. Duka na biyu ya sauka a baki. Dewald bai daina ba sai da kafaɗarsa ta sage, ƙudaje suka fara sauka. Ya ɗauki hoto ya tura, sannan ya durƙusa a gefen hanya ya yi amai.

Kafin ya isa gida zauren ya cika da yabo. Wani daga Amurka ya ce sunansa zai shiga tarihi. Da Dewald ya nemi sunan Beguwa a jerin 'yan zauren don ya tura masa saƙo, sai ya tarar ya fita.

Ba a sha wahalar kama Dewald ba. Wani direban tankar madara ya ga motar, kuma gashi da jini suna nan maƙale a gabanta. Ya miƙa hannu aka sa masa ankwa, kansa a ɗage. A ɗakin tambayoyi ya shaida wa Kyaftin Dikeledi Moloi cewa ba ya nadama, ya yi aikin da su suka ƙi yi ne, kuma ko za a tsire shi ba zai tona 'yan'uwansa ba.

Ta bar shi ya gama. Ta cire tabarau ta murza idanunta, kamar wadda ta gaji da jin irin wannan.

Ta ce ba ta bukatar ya tona kowa. Motlatsi ya kira ta ranar Laraba daga maɓoyarsa, ya ce yana bakin taga aka yi harbin, amma ba zai faɗi suna a waya ba, zai zo da ƙafarsa. Ita kuma ta yi kuskure, ta sanar da iyalin Oom Sarel cewa an sami shaida, har da ranar da zai zo. Da safiyar yau matar Motlatsi ta faɗa musu sunan da mijinta bai kai ga faɗa ba, suka je suka bincike gidan gonar.

"Bindigar tana cikin tankin ruwa," in ji ta, "wayar Beguwa kuma a aljihun Wikus, ɗan Oom Sarel, muka same ta."