Ƙuli-ƙulin farko a hannun Ladi

Har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa a kan wuta, sai na tuna wata la'asar a tsakar gidan kakarmu, a ƙauyenmu kusa da Ɗanbatta. Mu Kiristoci ne, kuma Kaka ta saba soya ƙuli-ƙuli ranar Asabar don baƙin da ke biyo mu gida daga majami'a ranar Lahadi.

Tun safe nake ɓarar gyaɗa, har yatsuna suka yi kanta. Ƙanwata Ladi kuwa ta sulale ta tafi wasa. Sai da mai ya yi zafi ta dawo, ƙafafunta buɗu-buɗu. A gidanmu wanda ya fi aiki shi ake ba na farko, don haka na miƙa hannu. Kaka ta tsamo shi, ta hura, ta ba Ladi.

Na ce, "Kaka, ni fa na yi aikin!"

Ta ɗora mini na biyu a tafi, ta ce, "'Yar nan, kin ɗauka biyan ki nake yi? Ko ba ki taɓa gyaɗar ba, zan ba ki. Haka Yesu ya cece mu, alheri ne, ba lada ba."

Ladi ta cinye nata tana dariya, mai har haɓa. Ni na riƙe nawa ina harararta.

Yanzu na yi furfura, sujada ba ta wuce ni. Ladi takan shigo majami'a a makare, ta rera waƙa kamar gidan ubanta ta shigo. Ni kuwa har yau nawa ƙuli-ƙulin na nan a hannu, ya huce.