Sai Ya Rufe Shago

"Iska ce kawai? Mai faci ya zama likita!" Tsohuwa ta ja tsaki a waya.

Matar mai facin na jingine da ita a cikin tasi, tana haki, dafe da saman ciki. Kwana uku da yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji, numfashi ya ƙi cika. Likita ya ce in haka ta faru a kawo ta nan take. Shi kuwa gogan, wai a jira ya rufe shago.

Tsohuwa ta saurari ƙorafinsa, ta taɓe baki.

"Na sani kai na haifa, ba ita ba. Shi ya sa tun safe nake ba ta haƙuri."