Wa Ya Tone Mangwaron Malama?

Ku yafe min karambani, ban taɓa rubuta labari ba.

Malama Bintu ta ce mu tsara wa garinmu Kademi inuwar shekara ashirin masu zuwa. Mu 'yan ƙungiyarta ta dashen itatuwa muka dasa mangwaro goma a makaranta. Ana gobe hutun bazara, huɗu suka ɓace.

"Salahu, da fartanya na gan ka jiya," in ji Malama. "Ka bar min ƙungiya!"

Ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya yarda.

Da muka dawo, shidan sun bushe ƙayau. Sai ga liman.

"Malama, wa ya dasa mangwaro huɗu a magangarar ruwan alwala? Sun yi shar!"

Malama ta ce, "Salahu, ashe hangen nesa ka yi! Dawo, kai ne shugaba."

Ni da na tone su kuwa, na rungumi littafina na sulale kafin wani ya waiwayo.