Ƙwararre a Kamfanin Katifa

Tun da Manaja ya dawo daga wani taron bita, ba a sake shan ruwa da daɗi a kamfanin katifa ba. A can aka koya masa cewa ma'aikata iri huɗu ne: zaki mai ba da umarni, aku mai zuba, biri mai dabara, sai kunkuru mai bin komai a sannu. Ya kuma dawo da yaƙinin cewa kunkuru ne ke kashe kasuwa. Ranar da ya faɗi haka, duk ofis aka juya aka kalli Mai-Awo.

Shekara da shekaru aikin Mai-Awo ɗaya ne: ya auna soso, ya danna shi da babban yatsa, ya ce ya yi ko bai yi ba. Ko sabuwar hanyar komawa gida bai taɓa ƙirƙirowa ba. Ga mata, ga yara, ga suruka da ta zo kwana biyu tun bara. Sai ga Manaja ya sanar cewa ya gayyato wani ƙwararre zai zo ya tantance kowa, kuma duk wanda aka tarar kansa ba ya haifar da sabon abu, to ya nemi wani wurin. Mai-Awo ya tsorata ƙwarai, har abinci ya daina yi masa ɗanɗano.

Manaja bai yi wasa da shiri ba. Ya sa aka fitar da teburin taro, wai tebur yana toshe tunani. Aka jera kujeru a jikin bango, aka zube tsoffin mujallu a tsakiya. Har allon sunan kamfani ya sa aka cire daga ƙofa, wai basira ba ta son a yi mata iyaka, ƙofarsu ta koma daidai da sauran ƙofofin benen. Ya kuma ja kunnen kowa cewa manyan ƙwararru ba sa surutu, kallo kawai suke yi, saboda haka kada wanda ya dame shi da tambaya.

Ranar da aka sa, da hantsi, mutumin ya turo ƙofa, cikin kwat mai tsada. Hannu kawai ya ɗaga musu. Ya samu kujerar kusurwa ya zauna, ya rafka tagumi, ya lumshe ido. Sakatariya ta kawo masa shayi mai zafi da alewa, ya kalle su kamar an miƙo masa kunama. Manaja ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan shi ake kira horon kai.

Rediyo, shugaban masu talla, shi ya fara, don dama ba ya jira a ba shi dama. Ya kawo shawarar katifa mai ƙararrawa, wadda za ta wurgo mutum ƙasa in lokacin tashi ya yi. Ƙwararre ya runtse ido ya ja wata doguwar iska. Akanta ta ce a riƙa yanka katifa gunduwa-gunduwa, marar hali ya fara da sayen wajen kafaɗa, ƙafafu su biyo baya in an yi albashi. Ƙwararre ya yi nishi, ya dubi agogo. Manaja da kansa, wanda ya riga ya ayyana kansa a matsayin zaki mai ɗan jinin biri, ya miƙe ya zayyana katifa mai tayoyi. Ƙwararre ya shiga buga ƙeyarsa a bango a hankali. Manaja ya zauna, ya ce dama gwada su yake yi.

Layi ya zo kan Mai-Awo. Kansa fayau, babu komai a ciki sai fuskar surukarsa in ta ji an sallame shi. Abin da kawai ya faɗo masa shi ne yadda yake fama da juya matashin kai lokacin zafi, yana neman gefen da ya fi sanyi.

“Ranka ya daɗe, ni dai matashin kai ne,” ya ce. “Mai aljihu a ciki, a riƙa saka ƙanƙara. Mutum ya ɗora kuncinsa ya ji sanyi har cikin ƙashi.”

Rediyo ya ƙyalƙyale da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ƙwararre ya buɗe ido, sai ga hawaye. Ya miƙe, ya tako har gaban Mai-Awo, ya damƙi hannunsa, ya yi maganarsa ta farko tun shigowarsa, ta gefen baki.

“Akwai shi yanzu?”

Manaja ya yi tsalle ya dire. Ya fassara wa kowa cewa nufin ƙwararre shi ne kasuwa ba ta jira. Ya rantse shi tun da can ya san akwai biri a ɓoye cikin wannan kunkurun. Nan take, a gaban kowa, ya naɗa Mai-Awo shugaban sabon sashen ƙirƙira, ya ce Rediyo ya koma danna soso har sai ya yi hankali. Daɗi ya kashe Mai-Awo, ya fara lalubar waya a aljihu don ya yi wa matarsa albishir.

Ana cikin tafi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata cikin farar riga ta leƙo, ta bi fuskoki da kallo har ta kai kan ƙwararre.

“Ashe nan ka shigo,” ta ce masa. “Taso, tamu ce ƙofar gaba. Likita ya gaji da jiranka, yau dai sai an cire haƙorin nan.”